Maganin Ƙanƙara a Gashuwa

Ranar wata Laraba da hantsi motar ta iso ƙofar gidanmu, kuma kafin direban da ya kawo ta daga Legas ya kashe inji, rabin unguwa ta fito. Ban ga laifinsu ba. Abu ne fari, dogo, da tagogi masu labule da tsani a baya. Wani ya ce motar asibiti ce, wani ya ce ta 'yan siyasa ce, wata tsohuwa kuma ta ce ai ta ɗaukar gawa ce irin ta masu kuɗi, aka yi mata caa har ta ja mayafinta ta koma gida. Ni na san ko mece ce, don yayana ya shekara yana cika mini kunne da labarinta a waya. Gida ce mai taya. Akwai gado a ciki, akwai murhu, akwai famfo da shayar wanka, sannan can ƙurya akwai wata 'yar ƙofa, in ka buɗe sai ka ga banɗaki.

Yayan nan nawa shi ne ɗan farin Inna, saboda haka ba ta kama sunansa. "Mutumin can" take cewa, ta nuna arewa da haɓa. Ya haura shekara goma a wata ƙasa da ƙanƙara ke rufe ƙofar gida har sai an haƙa. Ni ne auta, ni ne na zauna a Gashuwa ina koyar da kimiyya a wata sakandare, ni ke sayo magani, ni ke canza ƙwan fitila, ni ke shan faɗa safe da yamma. Shi kuwa murya ce a waya, murya kuma ba ta yin laifi. Ina son yayana, Allah ya sani, amma abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Saboda 'yar ƙofar nan ta ƙurya ya aiko da motar. Inna tana da yaya guda ɗaya da ta rage mata a duniya, wadda dukanmu muke kira Adda, tana zaune a Nguru. Tsakanin Gashuwa da Nguru ba wata tafiya ba ce, mai kifi yakan je ya dawo kafin azahar. Amma a lokacin da nake ba da labari, shekara shida ke nan Inna da Adda ba su haɗu ba. Adda idonta ya tafi, ƙafa ma ta ƙi, ba ta fita ko zaure. Inna kuwa ciwon suga ya sa ba ta iya riƙe fitsari na dogon lokaci. Zuwanta na ƙarshe, a motar haya suna dawowa, ta roƙi direba ya tsaya, ya tsaya sau ɗaya yana gunaguni, a na biyu ya ce a yi haƙuri an kusa. Abin da take tsoro ya faru. Ta sauka a tasha ta tako har gida ba ta ɗaga kai ta dubi kowa ba, kuma daga ranar ta ce ita da mota har abada.

Na yi lallashi har na gaji. Na ce zan aro mota, ni zan tuƙa, in tsaya duk inda ta ce. Ta ce, "A fili fetal, da gwiwar nan da ba ta lanƙwasuwa, kai kuma kana tsaye kana yi mini gadi? Allah ya kiyaye." Sai dai waya. Kullum bayan la'asar su biyun su yi ta ihu a waya, don duka sun yi imani cewa Nguru da nisa, dole a ɗaga murya.

To ga mota ta zo. Muka kama Inna ta hau, tana bismilla a kowace taka. Ba ta kalli gado ba, ba ta kalli murhu ba, ta wuce kai tsaye ƙurya. Ta daɗe a tsaye tana duban abin. Na nuna mata inda ake takawa da ƙafa, ta taka, ruwa ya zagayo shuu. Sai ta saki wata dariya da rabon da in ji irinta tun ina yaro, ta sake takawa, ta sake takawa, har sai da na ce Inna, tankin ba rijiya ba ne.

Na ce, "Gobe da safe sai Nguru."

Nan take fuskarta ta koma daidai. Ta ce, "Sai mai ita ya zo. Ya ce hutun ƙarshen shekara zai zo ya kai ni da kansa. Kayan mutum amana ne, Auta."

Wata biyu ya rage. Na haɗiye abin da ya taso mini, na ce to.

Muna shirin sauka ne ta buɗe wata 'yar durowa da ke ƙarƙashin famfo, ta ga takarda an manne a bayan murfin. Inna ba ta karanta boko, amma ta san rubutun ɗanta ko a duhu, don tun yana firamare rubutunsa sai ka ce kaza ta yi tono. Ta ce, "Karanta mini." Ni kuma da wautata na karanta da ƙarfi, ban fara dubawa a zuci ba. Da Hausa ya rubuta, don tunatar da kansa a can inda yake. A sama ya sa: kafin sanyi ya shiga a yi waɗannan, in ba haka ba bututu zai fashe. Sai ya jero su. A zubar da ruwan tanki duka. A kwance toshiyar tukunyar ruwan zafi. A hura iska a bututu har ya bushe. A zuba jan magani, a buɗe kowane famfo sai ya fito ja.

Inna ta ce, "To, ka ji. Ga sanyi nan tafe."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na gyara tsayuwa irin ta aji, na yi mata bayani dalla-dalla. Ruwa in ya daskare kumbura yake yi, shi ya sa yake fasa bututu, kamar yadda kwalba ke fashewa in an manta ta a firiza. Amma sanyin da ke daskarar da ruwa a can ƙasar yake. Tun da aka kafa Gashuwa ruwa bai taɓa zama ƙanƙara da kansa ba, sai wadda ake sayarwa a kasuwa.

"Ruwan randa da asuba ba ya kama maka haƙori?"

"Yana kamawa, Inna, amma..."

"Bara ba mu ga man shanu ya daskare a kwano ba?"

"Man shanu daban, ruwa daban."

"Kai ka saya motar? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutum ya zauna ya rubuta da hannunsa, da Hausa kuwa don mu gane, kai kana mini turancin makaranta."

Na ce bari in kira shi mu ji daga bakinsa. Ta ce ban isa ba, sai ya ɗauka mu yara ne da ba a ba mu saƙo sau ɗaya. Raina ya fara ɓaci, na buɗe baki zan faɗi wadda za ta jawo mini kwana uku ba gaisuwa, sai ta dafa 'yar ƙofar nan ta ƙurya, ta ce a hankali, "In bututun nan ya fashe, Auta, da me zan je wurin Adda?"

Na rufe durowar. Duk da haka na laɓe na aika wa Yaya saƙon murya. Kwana ya yi biyu, ya yi uku, bai ko buɗe ba.

Ranar Asabar na ɗauko abokina mai gyaran famfo. Babarbare ne, mu kuma muna da jinin Fulani, don haka tun muna yara ba ma gaisawa sai da tsiya. Na karanta masa takardar. Ya dube ni, ya dubi rana, wadda tun ƙarfe tara ta fara gasa mutane, ya ce, "Wato yau ƙanƙara za mu kora? Ni dai na san Bafulatani da gudun ruwan wanka, ban san har motarsa ma yana hana ta ruwa ba." Na ce ya rufe mini baki ya ɗauko sifana. Amma da ya hango Inna ta sa an kawo mata kujera ƙarƙashin bishiyar maina, sai shegen ya durƙusa ya ce, "Hajiya, wannan aiki ya zama dole. Bara ma na ga wata mota a Yusufari da sanyi ya lalata." Ta ce, "Ka ji mai hankali." Da ina da dama a lokacin da na shaƙe shi.

Muka fara da tanki. Ya kwanta a ƙarƙashin motar ya lalubo makunnin, ruwa ya kama zuba, agwagin maƙwabta suka taho da gudu kamar an yi musu shela. Inna ta ce a tara a bokiti kada a yi almubazzaranci, muka tara muka ba shukokinta. Daga nan sai tukunyar ruwan zafi. Tana da 'yar ƙofa ta waje, a ciki akwai toshiya. A gefen takardar Yaya ya rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa a fara buɗe famfo iska ta fita kafin a kwance ta. Na gani sarai. Na yi shiru, don ina bin Babarbare ramuwar Yusufari. Ya sa sifana, ya murɗa sau biyu, toshiyar ta yi tsalle ta wuce ta gefen kunnensa, ruwa ya biyo ta ya same shi a ƙirji, da wani farin gari-gari da ya taru a tukunyar. Ya faɗi zaune a cikin taɓo, hularsa ta yi gaba, agwagi suka bi ta. Na yi dariya har na kasa tsayuwa. Inna ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa, tana cewa, "Sannu, ɗan nan, sannu. Aikin lada ne."

Saura hura iska. Muka je bakin titi muka roƙi mai faci, ya turo injinsa a kan kura har ƙofar gida, yana tambaya wace taya ce ta sace. Muka ce ba taya ba ce, famfo za a ba iska. Ya dube mu irin duban da ake yi wa marar lafiya. Abokina ya ɗaura bakin tiyon da roba a inda ruwa ke shiga, ni na hau ciki in riƙa buɗe famfo ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa kaɗan-kaɗan, don bututun roba ne. Amma mutumin da ya saba da tayar tirela bai san kaɗan ba. Famfon wanke-wanke ya yi tari, ya yi atishawa, ya tofa mini ruwa a ido. Ina goge fuska sai na ji ƙwal-ƙwal a banɗaki. Kan shaya ne ya kuɓuce daga maratayinsa yana tsalle, yana dukan bango, yana feshi ko'ina. Na shiga kama shi, ya zabga mini a goshi. Ina ihu a kashe, a kashe, su kuma a waje suna jin a ƙara. Na fito jiƙe sharkaf, goshi ya yi ƙulu, na tarar da Babarbare a kwance a ƙasa yana harba ƙafa don dariya.

Inna ta ce, "Ya bushe?"

Na ce, "Shi dai ya bushe."

Jan maganin muka samo a akwatin gefe, jarka biyu, Yaya ya bari a ciki. Launinsa kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Abokina ya shinshina ya ce da akwai citta da an sha, na ƙwace jarkar. Muka tsoma ɗan tiyon injin ruwa a ciki, aka kunna, ni kuma ina buɗe famfo ina jira. Da farko iska, sai kumfa, sai ga shi ja ya fito. Wallahi duk da na san aikin banza muke yi, sai da na yi ihun murna. Inna ta ce ba ta yarda da labari ba, gani ya kori ji, a hau da ita. Aka hau da ita. Kowane famfo sai ta duba da idonta ta ce, "Bai yi ja sosai ba, ƙara." Da muka zo na ƙurya ita ta taka da ƙafarta har ruwan ya zagayo ja, sannan ta ce alhamdulillahi. Gumi na zuba daga haɓata, rana ta take tsaka, mun gama kare mota daga ƙanƙara.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Inna ta ce takardar mutumin can ta yi, amma akwai abin da ya manta, don shi namiji ne. Ta sa aka fito da tsofaffin barguna da zannuwan da ta daina ɗaurawa. Duk inda bututu ya leƙo sai da muka naɗe shi. Aka rufa wa gaban motar bargo mai zanen damisa, aka ɗaure da igiya. Har kaskon wuta ta ce a riƙa sawa a ƙarƙashi da asuba, nan ne ni da abokina muka haɗa baki karo na farko a rayuwarmu, muka ce akwai fetur, ta haƙura da ƙyar.

Daga ranar na zama abin nishaɗin unguwa. In na fito masallaci sai dattawa su ce, "Malam, ya mai jiki? Ta kwana da sauƙi?" Wani ya ce a gwada mata kunun kanwa. Abokan aikina suka ji, aka sa mini suna malamin ƙanƙara. Ina jin haushi, amma ina shiga gida in ga Inna ta leƙa ta taga tana duba ko bargon ya zame, sai ni ma dariya ta kama ni. A waya kuwa tana ta yi wa Adda ihu: an killace mota, ba abin da zai same ta, saura kwana kaza.

Ana saura mako biyu hutu, Yaya ya kira da rana, ta bidiyo. Inna ta ce in fita da wayar in nuna masa aikin da muka yi. Na nuna masa. Ya matso da fuskarsa, ya ce mene ne wancan a gaban motar. Na ce bargo ne. Na gaya masa komai, har da mai faci. Yaya ya yi dariya har wayar ta faɗi daga hannunsa, muna ganin silin ɗin ɗakinsa muna jin yana tari. Inna ko a jikinta. Ta ce, "Ka gani, ya ji daɗi."

Da ya dawo da wayar sai na lura ba ya duban mu sosai. Ya yi 'yan kame-kame, ya ce ya ga saƙona tun tuni, nauyin kira ne ya hana shi buɗewa. Wurin aiki sun hana shi hutu, ga kuma wata takarda da bai samu ba. Bana dai ba zai yiwu ba, sai baɗi in Allah ya kai mu.

Inna ta ce, "Allah ya kai mu. Allah ya yi albarka." Ta miƙo mini wayar ta shiga ɗaki.

Bayan la'asar Adda ta kira kamar kullum. Ina tsakar gida ina jin muryarta tana fitowa daga wayar, tana tambaya ran wace rana za su taso, don ta sa a jiƙa gero. Ban ji amsar Inna ba. Tun da suka fara wayar nan, ranar ce ta farko da Inna ta yi magana ban jiyo ta daga tsakar gida ba.

Nan fa ran maza ya ɓaci. Na fita na kama bargon damisa na fizge, igiya ta tsinke. Na bi zannuwan nan ina warwarewa ina jifa da su, ina faɗa ni kaɗai kamar sabon kamu. Inna ta fito ta tsaya a bakin zaure.

"Auta, lafiyarka? Amana ce fa."

"Amanar wa? Don wa aka aiko ta? Don agwagi? Adda ta haura tamanin, Inna. Wa ya ba mu takardar cewa baɗi za ta jira mu?"

Ban taɓa yi mata magana da irin wannan murya ba, kuma na ji kunya tun kafin in rufe baki. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na sake kiran Yaya, na sa a amsa-kuwwa, na ce ya faɗa mata da bakinsa. Ya ce, "Haba Inna, ai motar taki ce. Na ɗauka ma tuni Auta ya kai ki sau ɗaya kafin in zo." Ka ji fa! Kusan wata biyu ina shan ya mai jiki, shi ya ɗauka. Na kashe wayar kafin in faɗi abin da zai sa a kira taron dangi.

Inna ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Na ga tana so, kuma na ga tana tsoro. Can ta ce, "To ai yanzu ne ma sanyin ya kankama. In aka zuba ruwa ya fashe a hanya fa?"

Duk kimiyyata na riga na ƙarar da ita. Allah ya kawo Babarbare a kan kekensa, ya ji inda aka tsaya. Ya sauka, ya gyara hula, ya ce, "Hajiya, wannan mai sauƙi ne. Ruwan ɗumi za mu zuba. Kuma sai rana ta take za ku tashi. Ƙanƙara ba ta kama ruwan ɗumi da rana, ko a can ƙasar." Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Ka ga abin da ake kira ilimi?" Na ce na gani.

Kwana guda muka yi muna wanke jan maganin. 'Yan garuwa suna kawowa, muna cika tanki, muna buɗe famfo, muna zubarwa. Kwatar unguwa ta yi ja, ta koma ruwan hoda, ta dawo fari. Abokina ya ɗanɗana a tafin hannu ya ce saura kaɗan, muka ƙara zagaye biyu. Washegari da safe matata ta dafa ruwa a babbar tukunyar suna, muka sirka, muka ɗura a tanki Inna tana tsoma yatsa tana gwadawa.

Ƙarfe goma sha ɗaya muka tashi. Na taɓa jan a-kori-kura zuwa Jakusko lokacin ina neman kuɗin makaranta, amma wannan gida guda nake ja, ga kwanuka suna ƙara a baya, ga dattawan masallaci suna ɗaga hannu suna cewa Allah ya ƙara sauƙi, ta miƙe. Inna ta ƙi zama a gaba. Ta zauna a kujerar da ke daf da 'yar ƙofar ƙurya, ta ɗora hannu ɗaya a kan mariƙin, ɗaya yana jan carbi. Na ce mata in tana so ta tashi ta yi magana kawai, zan gangara gefe in tsaya cik. Ta ce ta ji.

Muka bar gari, muka shiga cikin goruba da gonakin da aka girbe. Ina leƙen ta ta madubi. Da farko idonta a rufe. Da muka wuce Jajimaji ta buɗe, ta fara cewa ji garken can, ji yadda aka yi gine-gine a nan, da ba haka wurin yake ba. Can sai na ji tana rera wata 'yar waƙar daka a ƙasan maƙoshi. Na tambaya ko in tsaya, ta ce tuƙa. Na sake tambaya, ta ce in na ƙara sai ta zo ta karɓi sitiyarin. Har ruwa ya fara bayyana a gefen hanya, da ciyawar kacalla da fararen tsuntsaye, hannunta yana kan mariƙin nan bai motsa ba.

Lungun su Adda bai ɗaukar motar, a bakinsa na tsaya. Inna da muke kamawa ta hau, ita ta sauka da kanta, ta yi gaba da sandarta ta bar ni da ƙunshin tsaraba. Ban gaya wa kowa muna tafe ba, don ina tsoron kada ta fasa a hanya.

Adda tana kan tabarma a inuwar ɗaki, ta ƙanƙance fiye da yadda na san ta. Inna ta tsaya a tsakar gida, ta buɗe baki za ta yi sallama, murya ta ƙi fita. Adda ta karkato kunne ta ce, "Wane ne? Na ji takun sanda." Inna ta ƙarasa, ta zube a gabanta da gwiwar nan da ba ta lanƙwasuwa, ta kamo hannunta ta ɗora a fuskarta. Yatsun Adda suka bi goshi, suka bi hanci, suka tsaya.

"Ke! Ba sai baɗi ba?"

Sai kuka, sai dariya, sai kuka. Matan gidan suka fito suna salati, wata ta rangaɗa guɗa. Adda tana ta shafa ta tana cewa kin tsufa, kin tsufa, ina haƙoranki na gefe, Inna tana cewa ai ke ma ba ki ga kanki ba ne. Ni ina tsaye da ƙunshi a hannu, na rasa inda zan ajiye shi, hawaye na zuba ban damu da wa ke kallo ba.

Da suka ɗan lafa, sai na ji Inna ta sunkuya tana magana cikin shessheƙa.

"Adda, ko sau ɗaya ban shiga ba. Tun daga Gashuwa har nan, ko tashi ban yi ba. Shekara shida, Adda. Da na sani..."

Adda ta lalubo bakinta ta rufe da tafin hannu.

"Yi shiru, ai kin zo," ta ce. "Matso nan kusa, ƙafata ta yi sanyi."